Neman shawara: MDF ya ƙi lanƙwasuwa a jikin akwatin sifika

Abban Yusra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ba kafinta ba ne, koyarwa nake yi, amma Asabar da Lahadi nakan taɓa aikin katako a soron gidanmu don sha'awa. Wata biyu ke nan ina haɗa akwatunan sifika guda biyu na falo. Ban so su fito da kusurwa huɗu irin na masu kiɗan biki, so nake gefe da gefe su lanƙwasa su tafi baya suna tsukewa kamar cikin kwalekwale. Tsayin kowanne santimita 90. Na yanka haƙarƙari huɗu-huɗu daga filawud mai kaurin milimita 18, tsakaninsu santimita 30. Yadda na fitar da lanƙwasar shi ne na kafa ƙusa, na ɗaura zare mai tsawon santimita 35, na zana. Tsawon bakan daga gaba zuwa baya santimita 40 ne.

Na sayo MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 6. Yanki na farko na kama shi da sukuru daga gaba ina dannawa a hankali, ina isa tsakiya sai na ji ƙas, ya dare a kan layin sukurun. Na biyu wani ya ce in lulluɓe shi da tawul mai ruwan zafi ya kwana. Ya lanƙwasu kam, amma da ya bushe fuskarsa ta yi kaushi, bakinsa ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi. Rabin falle ya tafi a banza. Don Allah masu sani, ta ina zan ɓullo wa abin nan, kuma wane gam ya dace?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya ce ka jiƙa shi bai san kayan ba. MDF da ruwa ba sa ga maciji. Ba itace ba ne mai jijiya da za ta yi laushi ta koma yadda take, garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse da zafi. In ya sha ruwa ya kumbura, ya kumbura ke nan har abada. Ka ajiye mai milimita 6 ɗin nan don wani aikin. Ka nemo mai milimita 3, ka riƙa ɗora shi falle bisa falle da farin gam har ya kai kaurin da kake so. Siririn zai bi haƙarƙarin nan ba gardama.

Oga Mai Kabad:
Baba, da girmamawa, wannan doguwar hanya ce. Ni kantar shago mai lanƙwasa na yi ta ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Ka ɗauki mai milimita 18 kai tsaye, ka juya bayansa, ka yi masa tsage-tsage da injin yanka, ka bar kamar milimita 3 ba ka ratsa ba. Zai naɗu a hannunka kamar tabarma. Yini ɗaya ka gama, ba jiran gam na mako guda.

Abban Yusra:
Na gode Baba, na gode Oga. Oga, tsagar nawa zan yi, kuma wace tazara? Sannan ba ni da injin tebur, ƙaramin na hannu ne da ni.

Injiniya Bichi:
Bari in sa lissafi a maganar, domin shi zai nuna dalilin da na farkon ya dare. Duk allon da aka lanƙwasa, fatar waje miƙewa take yi, ta ciki tana takurewa. Yawan miƙewar shi ne kaurin allo a raba da ninki biyu na tsawon zaren nan da ka zana da shi. Naka milimita 350 ne, ninki biyu 700. Shida a raba da 700 ya kusa kashi 1 cikin 100, kuma a nan kusa ne MDF yake sallamawa. Ga shi ka huda shi da sukuru a jere, ka zana masa layin da zai bi ya karye. Mai milimita 3 rabin wannan miƙewar kawai zai yi, shi ya sa yake tsira.

Akwai abu na biyu. Taurin allo ba ninki biyu yake ƙaruwa ba in kauri ya ninka, sau takwas yake ƙaruwa, wato biyu sau biyu sau biyu. Ƙarfin da ka sa kana danna mai 6, kashi ɗaya cikin takwas ɗinsa ya ishi mai 3.

Game da tsagar Oga: raba tsawon baka da tsawon zare, 40 a raba da 35, ya ba ka 1.14. Ninka da zurfin tsaga, milimita 15, ya zama kusan milimita 17. Wannan shi ne abin da dole a cire daga cikin allon. In bakin zartonka milimita 3 yake ci, tsaga shida ce za ta rufe ruf. Amma tsaga shida a santimita 40 na nufin tazarar ta haura santimita 6, kuma fuskar ba za ta fito da'ira sumul ba, za ta fito gaɓa-gaɓa kamar rake. In ka yawaita tsagar don fuska ta yi kyau, to ba za su rufe ba, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana cikewa.

Oga Mai Kabad:
Ai cikewar ba wani aiki ba ne, Injiniya. Ni duk santimita ɗaya da rabi nake tsagawa, in kwaɓa garin katako da gam in shafe ramukan kafin in lanƙwasa. Fomeka na hawa kai, ba mai ganin komai.

Injiniya Bichi:
A kantar shago haka ne, Oga, ban musa ba. Kanta ba ta rawa. Jikin sifika kuwa girgiza yake yi duk lokacin da ganga ta buga, kuma abin da ke riƙe da allonka fatar milimita 3 ce da kwaɓin da ya bushe ya ja jiki. Falle biyar da aka manne a lanƙwashe kuwa sun zama abu guda, kowanne yana hana ɗan'uwansa miƙewa. Kuma kada a manta mutumin nan ya ce injin hannu gare shi. Tsaga ashirin da wani abu, kowacce da zurfi iri ɗaya, sau huɗu, da injin hannu? Guda ɗaya ta zarce ya rasa allon.

Oga Mai Kabad:
Wannan ta injin hannun gaskiya ce. In zai bi hanyata sai ya kai wa masu injin tebur su tsaga masa, a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ba za a rasa ba in a Kano yake. Amma ni har gobe ina kan bakana cewa ta fi sauri.

Maman Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Ni kan gado nake yi masu lanƙwasa, ina da yara biyu da suke taya ni. Abin da nake so in tambaya, me ya sa ba za a yi da Evo-Stik ba? Ka shafa nan, ka shafa can, ka jira ya daina kama yatsa, ka haɗa, shi ke nan ya kama nan take. Ba matsi, ba ɗauri, ba kwana. Da shi muke manna soso da fomeka kullum.

Tsohon Kafinta:
Hajiya, soso da fomeka ba sa faɗa da ke. MDF da aka tanƙwara kuwa dare da rana yana neman ya miƙe. Wannan gam roba ne, ko ya bushe yana nan da taushinsa, to a hankali allon zai riƙa jan sa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Na ga ƙofar kabad da aka yi haka, bayan bazara ɗaya bakin ya ɗaga har kana zura farce. Sannan ba ya yafiya: in falle ya sauka a karkace ba ka da damar gyarawa. Farin gam irin su Top Bond yana ba ka 'yan mintuna ka daidaita, yana shiga cikin garin katakon, in ya bushe kuma sai dai allon ya yage ba wurin manni ba.

Maman Hanif:
To Baba na ji. Amma a falle na ƙarshe fa, in zai sa fomeka ko siririyar fatar katako?

Tsohon Kafinta:
A nan naki ne daidai. Wannan ado ne, ba ya ɗaukar nauyi.

Injiniya Bichi:
Ƙarin bayani kaɗan don adalci: shi ma farin gam yana ɗan saki a hankali in an bar shi ƙarƙashin ja na tsawon lokaci, shi ya sa masu lanƙwasa katako mai tauri suke komawa ga gam mai haɗi biyu irin Araldite ko gam na gari da ake kwaɓawa. Amma a nan fallayen sirara ne, kuma suna manne da haƙarƙari. Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki ke amfani da ita: komawar da allo zai yi bayan an kwance shi tana raguwa da yawan falle sau kansa. Falle biyu, kashi ɗaya cikin huɗu. Falle biyar, ɗaya cikin ashirin da biyar. Farin gam ya wadatar.

Ɗan Jos:
Ni ina da ja a kan cewa ba a jiƙawa sam. Mahaifina yana jiƙa bayan allo da soso kafin ya buga shi a silin, kuma bai taɓa kumbura ba.

Tsohon Kafinta:
Wancan hadbod ne ɗana, ba MDF ba. Duba bayansa za ka ga zanen raga, gabansa kuma santsi, launinsa ya fi duhu. Shi da ruwa aka yi shi tun a masana'anta, kuma ana shafa wa bayansa ruwa kaɗan a jera shi ya kwana biyu kafin a buga, don kada ya yi tumbi daga baya. Mahaifinka ya san aikinsa. Mutane suna haɗa su a suna ɗaya, shi ya sa shawarar wannan take lalata wancan.

Injiniya Bichi:
Haka ne. Hadbod ya girmi MDF nesa ba kusa ba. Wani Ba'amurke William Mason ne ya fito da shi a shekarun 1920, shi ya sa a can suke ce masa Masonite, kuma abin da ke riƙe shi galibi danƙon da ke cikin itacen ne da kansa. MDF sai a shekarun 1960 aka fara yin sa don kasuwa, da gam na sinadari. Abban Yusra, in ka samu hadbod mai milimita 3 mai kyau shi ma zai yi, har ya fi jure lanƙwasa. Sai dai ka goge fuskar mai santsin da samfefa kafin ka shafa gam, in ba haka ba ba zai kama sosai ba.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri da tambayata, wai duk wannan wahalar saboda kyau ne kawai, ko sautin yana canzawa?

Injiniya Bichi:
Tambaya ce mai kyau. Allo mai lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe tauri, kamar yadda takarda take tsayawa in ka ɗan naɗe ta, don haka jikin akwatin ba ya yawan amsa amo. Manyan kamfanoni irin Bowers & Wilkins na Ingila da siraran fallayen katako da aka manne a lanƙwashe suke yin jikin manyan sifikunsu. Amma kada a zuzuta. Sama da ƙasan akwatin suna nan suna kallon juna da tazarar santimita 90, amo zai riƙa kai da komo a tsakaninsu. Dole ya sa auduga ko soso a ciki, kuma girman cikin akwatin da rashin yoyon iska sun fi siffar gefe tasiri a kan sauti.

Abban Yusra:
Ni dai gaskiya kyan ne ya fara jan hankalina, in sautin ya ƙaru alhamdulillah. Na yanke shawarar bin hanyar Baba. Baba, don Allah ku ba ni yadda zan yi daki-daki, kada in sake asarar kaya.

Tsohon Kafinta:
To saurara. Kafin ka taɓa gam, gyara ƙashin aikin tukuna. Santimita 30 tsakanin haƙarƙari ya yi wa siririn allo yawa, zai lotsa a tsakani. Ƙara ɗaya a kowane tsakani su zama bakwai. Ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kansu daga sama zuwa ƙasa, duk wanda ya yi tudu ka goge shi, domin siririn allo ba ya ɓoye laifin abin da ke ƙarƙashinsa. Sannan gaba da baya ka sa ginshiƙi na katako na gaske a tsaye, inda bakin allon zai kwanta. A bakin nan ne yake da ƙarfin ɗagawa, kuma gefen MDF ko filawud ba ya riƙe sukuru kamar katako.

Falle guda ƙafa huɗu ne da takwas, wato santimita 122 da 244. Ka yanka 44 da 94, ka bar rara ko'ina, domin kowane falle na sama yana buƙatar ya fi na ƙasansa tsawo kaɗan, kuma in gam ya jiƙa su zamewa suke yi. Guda biyar za su fita a falle ɗaya, gefe ɗaya ke nan mai kaurin milimita 15. Gefe huɗu, falle huɗu. MDF ba shi da jijiya, ta kowace fuska ka yanka daidai ne, ba kamar filawud ba.

Ga dabarar da ba kowa ke faɗa ba. Ka samu duro na lita 200, ka naɗa yankakkun a jikinsa, ka ɗaure da roba su kwana biyu a inuwa. Duron ya ɗan fi akwatinka tsukewa, to in ka kwance za ka tarar sun riga sun koyi hanya.

Wajen matsi kada ka wahalar da kanka neman ƙarfen matsi goma. Robar ɗaurin kaya, irin wadda ake yankowa daga tsohon tib na mota, ta fi su a wannan aikin, domin tana danna ko'ina daidai. Ka yi gefe biyun akwati lokaci guda, roba ta zagaye shi gaba ɗaya, ja ya daidaita kada ƙashin ya murɗe. A bakin gaba da na baya ka ɗora sandar katako a kan allon ka kama ta da sukuru har cikin ginshiƙi, ka fara huda ramin tukuna. In ya bushe ka cire. Ka sa leda tsakanin sandar da allo kada su manne.

Ka gwada duk wannan sau ɗaya ba gam, ka ga minti nawa ya ɗauke ka. Sai ranar aiki: falle na farko gam a kan haƙarƙari da ginshiƙi, da 'yan ƙananan ƙusoshi ka nutsa kansu. Sauran kuwa gam a fuskar gaba ɗaya da rola, kada ka zuba shi layi-layi ka ce matsi zai baje shi, ba zai baje ba. Fara daga gaba ka bi da tafin hannu zuwa baya kana korar iska. In ka ga gam yana tsattsafowa a baki ko'ina, ya isa. Falle ɗaya a rana, ka bar shi awa 24.

Ɗan Jos:
Baba ku ƙara masa da maganar yanayi. Yanzu hunturu ne, a Kano gam zai yi fata kafin ya gama shafawa.

Tsohon Kafinta:
Madalla da ka tuna. Bayan sallar asuba zai yi, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba fanka. Kuma ya nemi mutum na biyu, ɗaya na shafawa ɗaya na ɗauri. Daga buɗe gam zuwa ɗaure roba kada ya wuce minti goma. Kada ya tsinka gam da ruwa don ya daɗe bai bushe ba.

Maman Hanif:
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, kuma ya fi damuna. Malam ya ce a soron gida yake aiki, kuma daga sunansa akwai yara. Ƙurar MDF laushi gare ta kamar fulawa, tana daɗewa a iska, ga sinadarin gam a cikinta. Ɗaya daga yaran da ke taya ni aiki sai da ya yi makonni yana tari kafin na tilasta musu sa takunkumi. Yanka da guga a yi su a waje, da takunkumi mai kyau ba ƙyalle ba, a share da tsumma mai danshi, kada a bar yara su yi wasa a wurin.

Injiniya Bichi:
Hajiya ta yi gaskiya. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako da sinadarin fomaldihaid, wanda ke cikin gam ɗin yawancin MDF, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Aikin mako biyu ba abin firgita ba ne, amma takunkumi ba shi da tsada.

Abban Yusra:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha shida. Na bi yadda Baba ya ce, ƙanena ya taya ni. Dabarar duron nan ta yi aiki ƙwarai, fallen farko ya kwanta da hannu ɗaya. Akwati na farko ya gama falle biyar, na yanke rarar, in na ƙwanƙwasa sai in ji kamar dutse. Hajiya, a bayan gida nake guga yanzu, da takunkumi. Matsala ɗaya: a akwati na biyu, falle na uku, akwai wuri kamar faɗin tafin hannu kusa da baya da yake amsawa fanko in na buga da yatsa. Ranar ƙanena ya makara, ni kaɗai na ɗaure, ina jin gam ya sha iska. In ɓamɓare fallen ne?

Tsohon Kafinta:
Kada ka ɓamɓare, za ka yage na ƙasa. Zagaye wurin da fensir. Huda ƙananan ramuka uku ko huɗu, zurfin milimita 3 kawai, naɗa salatif a bakin abin hudar ya zama alama don kada ka zarce. Samu sirinji ba allura, ka ɗura gam ta rami ɗaya har ya leƙo ta sauran. Ɗora leda, ɗora ɗan guntun katako da soso a ƙarƙashinsa, ka ja roba a kai sosai ya kwana. Falle na huɗu zai rufe ramukan. Kuma daga yau kowane falle ka ƙwanƙwasa shi ko'ina kafin ka ɗora wani.

Oga Mai Kabad:
Aiki ya yi kyau Malam, ka turo hoto in ka gama. Kwana goma sha shida dai, ni da tuni na kai wa mai shi. Amma tunda naka ne ba na kwastoma ba, ba mai ƙirga maka kwana. Shawarata a kan fenti: bakin MDF inda ka yanke shan fenti yake kamar yashi. Ka shafe shi da foti irin na masu gyaran jikin mota, siriri, ka goge, sannan ka yi fentin farko mai mai, ba mai ruwa ba. Ciki ma ka shafa masa hannu ɗaya, da ƙasan akwatin, ka sa masa 'yan ƙafafu ya bar ƙasa saboda ruwan goge ɗaki da danshin damina.

Abban Yusra:
Na gode Oga, zan yi hakan. Baba, na ɗura gam ɗin da yamman nan, ya leƙo ta rami biyu, na ukun bai fito ba. In ƙara huda wani kusa da shi ko in bar shi?

Tsohon Kafinta:
Danna wurin da babban yatsa ka saki, ka danna ka saki, kamar sau goma, zai tura gam ɗin ya zagaya. In bai leƙo ba ka ɗura ta na ukun kai tsaye. Yi sauri ka ɗaure kafin ya fara kamawa, gobe da safe ka ƙwanƙwasa ka faɗa mana abin da ka ji.